Takardar da Ban Sa wa Take Ba

Masu karatu, ku gyara zama, amma don Allah kada kowa ya yi min dariya sai na kai ƙarshe. Na ga saƙonninku na makon jiya. Wasu sun ce in sayi mai tsada in huta, wasu sun ce in sayi mai araha in riƙe canjina, wata baiwar Allah kuma ta ce in bar maganar babur in yi aure, mijin ya riƙa kai ni aiki. 'Yar'uwa, na gode ƙwarai. Ki karanta na yau ki ga inda irin wannan tunanin ya kai ni.

Ga wanda yau ya fara leƙo mu: ni malamar aji uku ce a makarantar firamare. Shekara shida ina koyarwa, ban taɓa ɗaga murya a kan yaro ba, kuma ina alfahari da haka. Doka ɗaya ce tak ba na sassautawa a ajina. Duk wanda ya kawo min aiki bai rubuta take a sama ba, sai na cire masa maki biyu. "Idan babu take, wa zai san maganar da ake yi?" Kullum sai na faɗa, har yaran suna riga ni ƙarasawa. Ku riƙe wannan a ranku, za ku buƙace shi nan gaba.

Farkon zangon nan aka mayar da makarantarmu sabon gini a bayan gari, can saman tudu. Mota biyu nake shiga, sannan in taka sauran da ƙafa, da littattafan yara arba'in da biyu a jaka. Sau huɗu na makara a wata guda. Shugabar makaranta ba ta ce min uffan ba. Agogon hannunta kawai take dubawa idan na wuce, kuma wallahi gara ta yi faɗa. Shi ne na yanke shawarar sayen ƙaramin babur, irin roba-roban nan da mata ke hawa, da ɗan abin da na tara.

Magana ta babur ce, amma a gidanmu babu maganar da ke tsayawa inda aka ajiye ta.

Akwai wanda tsofaffin masu karatu suka sani, Mai Sifana. Bakanike ne, garejinsa yana bakin layinmu, abokin Yayana ne tun suna yara. Wata takwas ke nan yana zuwa gaishe ni, kuma kowace safiya sai saƙonsa ya riga ƙararrawar makaranta: "Malama, an tashi lafiya? A gaida 'yan aji uku." Sai kuma Manaja, ɗan ƙawar Gwaggo, wanda ke kula da shagon da ake sayar da baburan nan masu tsada. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba, kada a ce talla nake yi. Ita Gwaggo yayar Baba ce. Ta zo mana kwana uku don ganin likitan gwiwa, yau watanta biyu, gwiwa ta warke, aurena ne bai warke ba.

Ranar Asabar ta ce za ta raka ni ganin babur. Na fito da doguwar rigata mai ruwan toka da takalmin makaranta, ta tsaya a ƙofar ɗaki ta tare hanya.

"Sayen babur za ki, ko ta'aziyya?"

"Gwaggo, ƙarfe za mu je gani."

"Ƙarfen ma yana da ido. Koma."

Sai da na sa shuɗiyar mai aikin zare a wuya, da mayafin da nake ajiya a ƙasan akwati, sannan ta matsa.

Shagon gilashi ne daga sama har ƙasa, sanyi kamar cikin firji, babura a jere suna ƙyalli, ko ƙura ɗaya babu a tayarsu. Manaja ya taso da farar riga mai karin guga, ƙanshin turarensa ya riga shi isowa. Ya durƙusa ya gaida Gwaggo, ya sa aka kawo mana lemo, sannan ya ɗora hannu a kan wani mai ruwan madara kamar mai gabatar da ƙaninsa.

"Malama, wannan suna ne za ki saya. Idan kika tsaya a danja, kowa sai ya juyo."

"Ni ba juyowa nake nema ba, ranka ya daɗe. Zai hau tudu da kaya?"

"Tudu? Bari in duba littafinsa."

Ya duba kuwa, ya karanto min wasu lambobi da ban gane ko ɗaya ba. Ba mugun mutum ba ne, kada ku ɗauka haka. Yana da ladabi. Sai dai da ya faɗi kuɗin, sai na ajiye lemon. Zai sayi mai araha biyu, har a samu na hular kwano.

A hanyar dawowa Gwaggo ba ta yi maganar babur ko sau ɗaya ba.

"Kin ga farcensa? Fari tas. Ba irin na wancan mai baƙin man ba."

Da la'asar na biya gareji. Mai Sifana ya saurare ni har na gama, yana ta goge wata sifana da tsumma.

"Suna za ki ci? Ki sayi mai araha. Zai ɗauki kayanki, zai jure hanya, birkinsa lafiya lau. Ko a ina ya tsaya akwai kayan gyaransa. Kuma ga ni nan, ni zan riƙa duba miki shi."

Da sauri ya faɗa, bai ɗago ya dube ni ba. Sifanar ma da yake gogewa tun ɗazu a goge take. Na lura, amma na ce kunya ce.

Ranar Lahadi da rana na yi abin da na iya. Ni idan abu ya rikice min, takarda nake ɗaukowa. Na yago ɗaya daga littafin tsara darasi, na ja layi da rula a tsakiya, na rubuta Na Farko a hagu, wato mai tsada, Na Biyu a dama, wato mai araha. Na kira malamai biyu da ke hawan irinsu na ji ta bakinsu, na haɗa da abin da Manaja ya karanto da abin da Mai Sifana ya faɗa, na ba kowanne maki da jan biro. Da yake ban san sunayen ƙarafan babur ba, sai na rubuta komai da kalmomin 'yan aji uku. Na tara: Na Farko saba'in da takwas, Na Biyu sittin da ɗaya. A can ƙasa, ƙarƙashin Na Biyu, na ƙara layi ɗaya da ƙananan baƙaƙe, ban ba shi maki ba: "Idan ya lalace, na san hannun da zai gyara min shi."

Na ɗaga biro zan koma sama in rubuta take, sai Mama ta ƙwala min kira, iska ta taso, in zo mu kwashe shanya. Na danne takardar da kwalbar man shafawa a gaban madubi na fita.

Ni. Ni da nake cire wa 'yan shekara takwas maki biyu.

Litinin, lokacin hutun ƙarfe tara na safe, na buɗe jaka in ɗauko waya. Saƙo hamsin da uku a zauren danginmu. Na zaci mutuwa aka yi. Ina buɗewa sai ga takardata, an ɗauke ta hoto a karkace, babban yatsan Gwaggo ya rufe kusurwar ƙasa ta dama. Ƙarƙashin hoton ga saƙon muryarta:

"Jama'a, ku taya mu murna, yarinya ta yi hankali. Ta zauna da kanta ta auna su biyun, ba wanda ya sa ta. Ɗan ƙawata ya ci saba'in da takwas. Mai baƙin mai kuma Allah ya ba shi wata."

Sai ruwan amsoshi. "Ma sha Allah." "Ilimi ya yi rana." Wata 'yar kawuna ta rubuta, "Malama, don Allah ki turo min fanko in cika nawa, su uku ne." Na rubuta da manyan baƙaƙe:

"BABUR NE!"

Yaya ya amsa nan take: "Haka kuke ce musu yanzu?"

Ban san yadda na koyar da jimlar ɗari biyu da goma a ranar ba.

Ina isa gida na tarar da Gwaggo a falo, ta miƙe ƙafa a kan kafet, tabarau a kan hanci, takardata a hannu. Mama na gefe tana ninke kayan wanki. Baba yana kujerarsa ta bakin ƙofa da rediyonsa, kamar ba ya cikin duniyar. Ko jakar ban sauke ba.

"Gwaggo, wannan takardar ta babura ce. Guda biyu. Masu taya."

"Zauna ki huta, 'yar nan, ba abin kunya ba ne." Ta gyara tabarau. "Kyan gani. Na Farko goma, Na Biyu biyar. Kin ma yi masa alfarma da biyar ɗin."

"Fenti nake nufi."

"Tashi da safe. Na Farko, taɓawa ɗaya. Na Biyu, sai an lallaɓa, wani lokaci sai an yi shuri."

Mama ta saki zanin da ke hannunta. "Ke! A ina kika san haka?"

"Mama, inji! Injin babur!"

"Kowa ya sani," in ji Gwaggo. "Garejin nan sai rana ta take yake buɗewa. Ci. Na Farko kaɗan, Na Biyu da yawa."

"Cin mai! Fetur!"

"Ranar da ya zo gaishe ni da gwiwa, faranti nawa ya tashi da su? Ke kika zuba masa na biyun."

Faranti biyu ya ci, gaskiya ne.

"Hayaniya. Na Biyu, ana jin zuwansa tun daga kan kwana." Ta ɗago ta dubi Mama ta saman tabarau. Mama ta kau da kai tana danne dariya, don dariyar Mai Sifana har layin baya ake ji. "Sauƙin gyara. Na Farko uku, Na Biyu goma. To, nan kaɗai kika yi yarinta. Namiji ba ya gyaruwa, yadda kika same shi haka za ki ajiye shi. Sai sharhin malama. Na Farko: Madalla. Na Biyu: Ya yi ƙoƙari, yana buƙatar kulawa." Ta ninke takardar. "Idan babur ne, ina aka rubuta babur? Nuna min."

Masu karatu, na duba. Ina sane babu, amma na karɓa na duba, sama da ƙasa, har baya. Babu kalmar babur ko ɗaya a takardar nan.

Sai Baba ya rage muryar rediyo. Baba akawu ne, shekara talatin ya yi a ofis kafin ya huta, kuma maganarsa ba ta wuce layi biyu.

"Kawo takardar."

Na miƙa masa da hannu biyu. Bai buɗe ba, ya sa a aljihun gaba.

"Na gaji da jin sunayen maza a tsakar gidana. Ranar Asabar bayan la'asar zan ga mutum ɗaya. Ɗaya na ce."

"Baba, wallahi..."

Ya ƙara muryar rediyo. Kafin in juyo, Gwaggo ta riga ta kara waya a kunne. "Ƙawata? Ki ce masa ya goge takalmi."

Ku gane nauyin abin. Wata takwas Mai Sifana yana jiran ranar da Baba zai ce ya shigo. Ga ranar ta zo, kuma da jan birona na miƙa ta ga wani.

Ina shiga ɗaki wayata ta yi ƙara. Yaya ne: "Ƙanwata, kada ki ji haushi, na tura wa mutumin. Wasa nake." Ban gama karantawa ba na Mai Sifana ya shigo:

"Na ga sakamako. 61."

Na rubuta masa bayani mai sakin layi uku, da gabatarwa da kammalawa. Na ga alamar ya karanta. Shiru. Na kira, ta yi ta ringi har ta katse. Talata da safe babu "a gaida 'yan aji uku." Na duba wayar kafin taron safe, na duba bayan taron safe, na duba a tsakiyar darasin karatu, har wata yarinya a layin gaba ta ce, "Malama, ke kika ce ba a duba wani abu idan ana karatu." Na ce ta yi gaskiya, na sa wayar a aljihun tebur. Laraba ma shiru.

Ranar Laraba ana tashi ban bi ta gida ba. Da rigar aiki, da alli a hannun riga, da jakar littattafai, na sauka a bakin gareji. Rumfar kwano ce, ƙasa ta yi baƙi da mai, tsofaffin tayoyi a jibge, an jera sifanu a allo kowace da ƙusarta, daga ƙarama zuwa babba. Wannan jerin ne ya fara burge ni da shi tun farko, kada ku faɗa masa. Yana tsugune gaban wani babur da ya kware wa roba.

"Sannu da aiki."

"Yauwa, Malama." Bai ɗago ba.

"Babur ne."

"Na sani."

Na sauke jakar a kan benci. "Ka sani?"

"Tun layi na biyu. Wane mutum ake yi wa shuri ya tashi? Kuma ni da asuba nake tashi, gareji ne ba na buɗewa da wuri."

"To shirun kwana biyu na mene ne? Ka san abin da ake yi a gidanmu kuwa?"

Ya ajiye abin da ke hannunsa, ya ciro waya, ya buɗe hoton. Yatsan Gwaggo na nan a kusurwa, ya rufe layina na ƙasa ɗungurungum. Ashe bai taɓa ganin sa ba.

"Ɗaukar kaya, takwas. Jure hanya, takwas. Tsayawa idan an ce tsaya, takwas. Waɗannan makin na Na Biyu daga bakina kika ɗauke su."

"Daga bakinka, mana. Kai ne masani."

"Da na gan su da jan biro sai jikina ya mutu. A baki ba su da nauyi. Ke kuma kin rubuta su kamar gaskiya." Ya shafa ƙeya. "Jiya da sassafe na je tudunku. Ban taɓa bin hanyar ba sai jiya. Na ari mai araha, na ari tsohon mai tsada wajen wani abokin sana'a, na ɗaura wa kowanne buhun yashi daidai nauyin jakar nan taki. Sau uku-uku na hau na gangaro."

"Sai me?"

"Hawa duk sun hau, mai arahar yana kuka amma ya hau. Gangarowa ce matsalar. Kin san kwanar nan ta wajen kwalbati, inda tsakuwa ta zube? A karo na uku birkinsa ya yi zafi, na matse, ya ce bai san zancen ba. Da ƙafa na tsaya." Ya nuna min takalminsa na dama. Gaban ya goge har yatsa na leƙe.

Na zauna a kan bencin, ban ma duba ko akwai mai ba.

"Mai araha ba shi da laifi, Malama. Wanda zai je kasuwa ya dawo a shimfiɗaɗɗiyar hanya, shi zan ce ya saya, kuma zai yi shekaru yana gode min. Shi kuma mai tsadar, rabin kuɗinsa na suna ne, da gilashin shago, da turaren Manaja. Amma ɗaya rabin birki ne, da taya, da abin da ke shanye gargada. Wannan rabin kike buƙata a tudun nan. Kuma ba sa sayar da shi shi kaɗai."

"To me ya sa ka ce min birkinsa lafiya lau?"

Ya ɗauki tsumma. Ya ɗauki sifana. Na ce, "Ajiye. A goge take."

Ya ajiye.

"Garanti," ya ce a hankali. "Shekara biyu. Idan wani bakanike na waje ya kwance ko ƙusa ɗaya, garantin ya tashi. Duk wata uku sai kin kai shi shagonsu. Ki zauna a sanyi, a kawo miki lemo, yana tsaye da farar rigarsa yana karanto miki littafi. Ni kuwa ko murfin inji ba ni da ikon buɗewa. Mai arahar kuma..."

"Ƙarasa."

"Duk sati biyu sai ya kawo ki nan."

Masu karatu, shekara shida. Yaro ya taɓa zuba min tawada a rajista ban ɗaga murya ba. Ranar Laraba mai shagon taya na tsallaken titi sai da ya leƙo.

"Wato don ka riƙa ganina za ka ɗora ni a kan abin da ba ya tsayawa? Ni da littattafan yara arba'in da biyu? In ƙare a kwalbati saboda kana kishin lemo? Lemo! Ai da ka ce min kishi kake, da na zo da ruwana a gora!"

"Lokacin ban san hanyar ba..."

"Wanda bai sani ba cewa yake ban sani ba! 'Yan aji uku ma sun iya wannan!"

"Na yi kuskure."

"Kuma ka gano tun jiya da safe, ka zauna ka yi shiru!"

"Ina ta rubutawa ina gogewa. Ban san ta inda zan fara ba."

Na yi numfashi sau uku, yadda nake koya wa yara. Na buɗe jaka na ciro jan biro, na ɗauki wani kwalin man inji da ke ƙasa, na miƙa masa duka biyun.

"A ajina wanda ya yi kuskure shi yake gyara da hannunsa. Rubuta na gaskiya."

Ya rubuta, harshe a gefen baki kamar yaro. Ɗaukar kaya shida. Jure hanya biyar. Tsayawa huɗu. Ya tara, ya sake tarawa.

"Hamsin da biyu. Na ƙara faɗuwa ke nan."

"Babur ne ya faɗi. Kai naka sakamakon bai fito ba tukuna." Na karɓe birona. "Baba ya ce ranar Asabar zai ga mutum ɗaya. Gwaggo ta riga ta gayyato Manaja."

Ya miƙe tsaye har kansa ya bugi kwanon rumfa. "To ni fa?"

"Da ka ɗaga waya ranar Litinin da mun yi tunani tare. Takardar tana aljihun Baba, ban san me ya gani a ciki ba."

Na saɓi jakata na tafi. Na ji yana kira, ban juyo ba. Ba don na daina son sa ba, sai don in na juyo zai ga dariya ta fara kama ni saboda takalmin nan mai leƙen yatsa, kuma bai cancanci dariya ba tukuna.

Ina tura ƙofar gida na tsaya cak. A tsakar gidanmu, tsakanin igiyar shanya da randar ruwa, ga mai ruwan madara yana ƙyalli, an ɗaura masa jan kintinkiri a wuya. Gwaggo na zagaye shi tana shafawa. Ta miƙo min wani ɗan kati mai ƙanshin turaren da na sani.

"Kyauta ga wadda ta ba ni saba'in da takwas."

Na karanta sau biyu. Mutumin da ke sayar da babura, shi ma bai gane takardar babura ba. Kuma ku dubi inda aka ajiye ni: awa ɗaya da ta wuce na tabbatar wannan babur ɗin nake buƙata, yanzu ga shi a gidanmu, kuma idan na hau shi na amsa abin da ban amsa ba.

"Malama." Muryar Baba daga ɗakinsa. Shi kaɗai ke kira na haka a gida, kuma sai magana ta yi girma.

Na cire takalmi na shiga na durƙusa. Ya ciro takardar daga aljihu ya miƙo min. A can sama, inda na bari fili, ya rubuta da baƙin bironsa, da rubutun nan nasa na akawu mai tsayuwa: "Babur." Ya ja layi a ƙasa. A gefe kuma ya sa: "An cire maki biyu."

"Baba, ka gane!"

"Ban taɓa sa hannu a takarda ban kai ƙarshenta ba. Duba ƙasa."

Na duba. Ya zagaye kalmar "hannun" a ƙaramin layina. Kusa da ita ya rubuta: "Wannan layin ba na babur ba ne."

Na sunkuyar da kai. Kunnuwana suka yi zafi.

"Mai hannun nake son gani ranar Asabar," ya ce. "Ya wanke shi kafin ya zo."

"To, Baba. Wancan na tsakar gida fa?"

"Ke kika rubuta takarda ta farko. Ke za ki rubuta ta biyu." Ya kunna rediyo.

Na koma ɗaki na zauna gaban madubi, na yago sabuwar takarda. Na rubuta kwanan wata. Sannan, kafin komai, na rubuta da manyan baƙaƙe, na ja layi biyu da rula: MAGANAR BABUR KAƊAI. Na gode wa Manaja da karamcinsa, na bayyana masa cewa saba'in da takwas ɗin na mai ruwan madara ne, kuma ya cancance su. Na ce kyauta ba zan iya karɓa ba, ga makullinsa, amma ranar Litinin zan zo shago in saye shi da kuɗina kamar kowa, a ba ni rasiɗi. Na ƙara da cewa ba sai an kawo lemo ba.

Sai na tura wa Mai Sifana: "Asabar, bayan la'asar. Baba ya ce ka wanke hannu."

Ko ajiye wayar ban yi ba amsa ta shigo: "Da sabulu ko da fetur?" Wani saƙon ya biyo: "A gaida 'yan aji uku. Na Talata da na Laraba."

Na ninke wasiƙar na sa a ambulan, na fita ɗauko makulli in haɗa. Babu shi a jikin babur. Gwaggo na zaune daram a kan kujerarsa, mai ciwon gwiwa, ƙafa ɗaya kan ɗaya, makullin yana lilo a wuyanta a zaren tabarau.

"Gwaggo, don Allah makullin. Mayarwa za a yi."

"A mayar ina?" Ta tura shi cikin riga. "Ki rubuta duk taken da kike so, 'yar nan. Ni na riga na ce wa ƙawata ɗanta ya zo ƙarfe huɗu."

Kujerar baƙo ɗaya ce a ɗakin Baba. Kuma gata Asabar.